Babi na Shida: Mutuwar Inji a Saman Gona, Jiragen Feshi a Kwarin Rima

Ƙasar da ta shimfiɗu daga Isa zuwa Gatawa da Sabon Birni, a gabashin jihar Sakkwato, ƙasa ce ta gulabe da fadamu, domin a wannan yanki ne Gulbin Bunsuru da na Gagare suke haɗuwa su zama Gulbin Rima, nan kuma Gulbin Maraɗi yake dawowa Nijeriya bayan ya zaga ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri a cikin Jamhuriyar Nijar. Ruwan da ya sa Gobirawa suka kafa birnin Alƙalawa a wannan kwari a ƙarni na 18, shi ne kuma yake jawo tsuntsun da manoman gero da dawa da shinkafa suka fi tsoro, wato jan-baki. Nauyin wannan tsuntsu kusan giram 20 ne kawai, amma yana iya cin kusan rabin nauyinsa na ƙwaya a yini, abin da yake ɓarnatarwa ya zubar ƙasa kuwa ba ya cikin wannan lissafi, kuma masana sun ƙiyasta yawansa a Afirka da kimanin biliyan ɗaya da rabi. Asalin abincinsa 'ya'yan ciyawar daji ne, sai dai idan ciyawa ta yi ƙaranci ko kuma hatsi ya fara ɗaukar ƙwaya kusa da makwancinsa, yakan afka wa gonaki garke-garke. Binciken da masani Peter Ward ya yi a yankin Tafkin Chadi a shekarun 1960 ya nuna cewa tsuntsun yana bin ruwan sama ne, ya yi kudu da farkon damina, sannan ya koma arewa ya yi sheƙa inda sabuwar ciyawa ta nuna. Madatsun ruwa irin na Bakolori, wadda aka kammala a 1978, da ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, sun ƙara masa abinci da ruwan sha a lokacin rani, lokacin da a da yunwa takan rage yawansa.

Maganin da manomi ya gada shi ne tsaro: yara a kan rumfa tun asuba, igiya mai gwangwanaye da ake jijjigawa, majajjawa, da ihu har murya ta dushe. Maganin da hukuma ta kawo kuwa shi ne jirgin feshi. A ɓangaren Nijar an daɗe ana wannan aiki ta hannun ƙungiyar OCLALAV, wadda ƙasashen yammacin Afirka, galibinsu renon Faransa, suka kafa a 1965 da hedkwata a Dakar don yaƙi da fara da tsuntsaye, kafin nauyin ya koma wuyan hukumar kare tsirrai ta kowace ƙasa. A Nijeriya Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ce take ɗaukar hayar jirage, wani lokaci tare da gwamnatocin jihohi, kuma a 2020 ministan lokacin, Sabo Nanono, ya ƙaddamar da feshin a Birnin Kebbi don jihohi 12 na arewa da ke kan gaba wajen fama da wannan annoba, Sakkwato da Zamfara na cikinsu. Manomi yana kallon jirgin a matsayin agajin da ke zuwa daga sama, ƙorafinsa a kullum shi ne bai zo da wuri ba. Abin da ba kasafai ake tattaunawa ba shi ne irin kasadar da ke cikin wannan tashi, musamman idan inji guda ɗaya tilo da jirgin ya dogara da shi ya mutu.

Feshi ta sama ya fara ne a Amurka a watan Agusta na 1921, sa'ad da wani matuƙin soja mai suna John Macready ya watsa hodar guba a kan wasu itatuwa da tsutsa ta addaba kusa da garin Troy a jihar Ohayo. Jiragen farko ragowar na yaƙi ne da aka yi wa kwaskwarima, kuma sun ci rayukan matuƙa da yawa, domin tankin magani yana bayan matuƙi ko kusa da shi, in jirgi ya daki ƙasa sai lodin ya danne shi. A 1950 injiniya Fred Weick ya ƙera jirgin gwaji mai suna AG-1 a jihar Tekzas, inda ya sanya inji a gaba, tankin magani a tsakiya, matuƙi kuma a can baya bisa tudu cikin keji na bututun ƙarfe, don abin da ke gaba ya sha duka kafin ya iso ga mutum. Wannan tsari ne jirage irin su Piper Pawnee da Cessna 188 da Air Tractor suka bi, kuma shi ya sa matuƙa da dama suke fita da ƙafafunsu daga jirgin da ya ragargaje. Ma'anar wannan ƙira a fili take: masu ƙera jirgin feshi sun ɗauka tun farko cewa wata rana zai faɗi.

Dalilin haka lissafi ne mai sauƙi. Jirgin fasinja da injinsa ya mutu a nisan dubban mitoci daga ƙasa yana da mintuna na shawagi, wato tafiya a kan iska ba tare da ƙarfin inji ba, kuma a cikinsu matuƙi zai iya gwada tayar da injin, ya kira hasumiya, ya zaɓi wurin sauka. Jirgin feshi yana aiki ne a tsayin mita 3 zuwa 10 a saman amfanin gona ko kan itatuwa, cikin gudun da ya kai kilomita 200 a awa, wato kusan mita 55 a kowane sakan. Irin wannan jirgi, idan ya yi shawagi, yakan ci kimanin mita 8 gaba a duk mita ɗaya da ya sauko, saboda haka tsayin da yake da shi bai isa komai ba, dukiyarsa kawai ita ce gudunsa. Abin da ake koya wa matuƙi shi ne ya ɗaga hancin jirgin nan take ya mayar da gudun ya zama tsayi, abin da zai iya ba shi 'yan gomomin mitoci, sannan ya ja hannun da ke buɗe ƙasan tanki ya zubar da maganin gaba ɗaya cikin 'yan sakanni don jirgin ya yi sauƙi, ya kuma sauka a duk abin da ke gabansa. Haɗari mafi muni yana zuwa ne idan ya yi kwaɗayin juyawa zuwa wani fili mai kyau da ya hango a gefe, domin a cikin kwana fiffike yana buƙatar ƙarin gudu, in kuma gudun ya gaza sai iska ta saki fiffiken, jirgin ya kife ya daki ƙasa da hanci. Binciken haɗurra a ƙasashe da yawa ya nuna cewa jirgin da ya shiga itace ko gona yana ƙarƙashin ikon matuƙinsa ya fi barin mutum da rai a kan wanda ya kife ko da daga ƙaramin tsayi ne.

Injunan waɗannan jirage iri biyu ne. Na farko shi ne mai fistin, ɗan'uwan injin ban-ruwa da manoman fadamar Rima suka sani, sai dai ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma kowace silinda tana da fulogi biyu da hanyoyin wuta biyu masu zaman kansu, don in ɗaya ta lalace ɗayar ta ci gaba. Cessna 188, alal misali, yana da inji mai ƙarfin doki kusan 300 da tankin magani mai cin lita 760 zuwa 1,060. Na biyu shi ne injin tabain, wanda yake zuƙar iska ya matse ta da jerin fankoki, ya ƙona mai a cikinta, zafin da ya fito ya juya farfela. Mafi shahara a wannan aiki shi ne PT6A na kamfanin Pratt & Whitney Canada, wanda ke kan Air Tractor AT-802 mai ɗaukar kusan lita 3,000. Injin tabain ya fi aminci ƙwarai, amma tsadarsa ta sa ƙananan kamfanoni da hukumomin ƙasashen Sahel suka daɗe suna riƙe da tsofaffin jirage masu fistin.

Abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne cewa mutuwar inji a sama, a mafi yawan lokuta, a ƙasa ake shuka ta, kuma babban tushenta mai ne. Injin fistin na jirgi yana shan wani fetur na musamman mai launin shuɗi da ake kira 100LL, wanda samunsa a yammacin Afirka yana da wuya da tsada, har ta kai Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta karkata ga jiragen horo na kamfanin Diamond masu shan kananzir ɗin jirgi, wato Jet A-1. Inda babu ma'ajiyar mai ta filin jirgi, a cikin duro ake kai man, kuma duron da aka ajiye a tsaye a fili lokacin damina yana tara ruwa a samansa. Da rana iskar da ke cikinsa takan kumbura ta fita ta bakin murfi, da dare kuma in ya huce sai ya zuƙo ruwan da ke kwance a kan murfin zuwa ciki, ba tare da an ga alamar an buɗe shi ba. Wannan ya sa ƙa'ida ta ce a kwantar da duro a gefensa, a bar shi ya natsu kafin a ɗebi mai, kada bututun famfo ya taɓa gindinsa, a kuma tace man. Ruwa ya fi mai nauyi, yakan kwanta a ƙasan tankin jirgi, kuma matuƙi mai kula yakan tsiyayo kaɗan a kwalba mai haske kafin kowane tashi ya duba. In an yi sakaci, injin zai tashi lafiya da man da ke cikin bututu, jirgin ya bar ƙasa da cikakken lodi, ruwan kuma ya iso injin daidai lokacin da babu tsayi babu gudu.

Akwai kuma jarabar zuba fetur ɗin mota idan na jirgi ya yanke, jarabar da ta fi ƙarfi a bakin iyaka inda man 'yan bumburutu yake ko'ina a cikin jarkoki. Fetur ɗin mota ya fi saurin zama tururi, saboda haka a cikin zafi yana iya tafasa a bututu ya toshe hanyar mai, kuma ba ya jure matsin babban inji, sai ya riƙa fashewa maimakon ƙonewa a hankali, abin da ke iya huda fistin. Kuskuren zuba kananzir a jirgi mai fistin ya fi wannan muni, domin yakan kashe injin jim kaɗan bayan tashi. Ƙarewar mai ɗungurungum ita ma tana cikin manyan dalilai a duk inda ake feshi, duk da cewa ta fi kowanne sauƙin kaucewa, kuma tana faruwa ne saboda kowane kilo na mai yana rage kilo na magani, matuƙi kuma yana son ya gama kewaye ɗaya da ya rage.

Yanayin ƙasar Gobir yana ƙara nasa. Garuruwan kwarin Rima suna kan tsayin kusan mita 300 daga teku, amma a ranar da zafi ya kai digiri 40, kamar yadda ake gani a bazara lokacin da shinkafar rani take nuna, iska takan yi sakayau har jirgi ya ji kamar yana tashi daga tudu mai tsayin mita 1,300. Inji mai fistin da ba shi da na'urar matsa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta irin wannan tsayi, fiffike da farfela su ma ba sa kama iska yadda ya kamata, ta yadda silinda ɗaya da ta yi rauni, wadda da sanyin safiya ba za a lura da ita ba, tana iya hana jirgi mai lodi haye itacen da ke ƙarshen fili. Ƙurar hunturu da rairayin filayen sauka na ƙasa suna toshe matatar iska, abin da ya tsallake ta kuma yana goge silinda ko ya cinye bakin fankokin tabain. Har ma da abin da mai karatu a Sakkwato zai yi mamaki, wato ƙanƙara: a injunan da ke da kafireta, mai yana sanyaya iska sosai yayin da yake zama tururi, kuma a ranar damina mai laima, ko da zafin waje ya kai digiri 25 ko 30, ƙanƙara tana iya taruwa a maƙogwaron kafireta ta shaƙe injin, musamman in an sassauta totur. Bayan jirgin ya faɗi ƙanƙarar takan narke, mai bincike ya zo ya tarar da inji lafiya ƙalau.

Zaman banza ma yana kashe inji. Kamfanin Continental ya ƙayyade wa injunansa da ke aikin feshi awa 1,200 kafin a kwance su a yi musu gyaran gaba ɗaya, ƙasa da abin da ya ba irin waɗannan injuna a sauran ayyuka, ya kuma sa iyakar shekara 12 ko da awannin ba su cika ba. Jirgin da ake nema na 'yan makonni a kaka da 'yan makonni a rani, sauran shekara yana ajiye, ba zai cika awanninsa da wuri ba, amma tsatsa tana cin cikinsa, robobi suna bushewa, maganin feshi da ya maƙale a jikinsa yana cin ƙarfe da wayoyi. Tsarin hayar da ake biya bisa awannin tashi, kuma ake sakin kuɗinsa bayan tsuntsu ya riga ya sauka a gonaki, yana tura kamfani ya fito da jirgi cikin gaggawa. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, da ta nazarci haɗurra 78 na jiragen aikin gona da suka auku a ƙasar a 2013, ta sanya ƙarancin gyara da gajiyar matuƙa cikin manyan matsalolin da ta gano, alhali a can kayan gyara da makanikai suna kusa.

Feshin jan-baki ya bambanta da feshin gona ta hanyar da ke ƙara tsananta duk abin da aka ambata. Ba a fesa wa tsuntsu magani a gona da rana, sai a makwancinsa ko wurin sheƙarsa, cikin kurmin ƙaya irin su bagaruwa ko cikin dogayen ciyayin bakin ruwa, a daidai lokacin da garken yake komawa kwana, wato gab da magariba. A wannan yanki hasken da ke saura bayan faɗuwar rana bai wuce na minti 25 ba. Matuƙi yana ratsa dubban tsuntsaye, waɗanda suke iya toshe mashigar iskar inji ko matsanyayar baƙin mai, su kuma shafe gilashin gaba da jini da gashi, sannan in ya gama ya kama hanyar komawa cikin duhu. Filayen jirgin da ke da fitilu da kwalta a ɓangaren Nijeriya, kamar na Sultan Abubakar III a Sakkwato, suna nesa da Gatawa da fiye da kilomita 100, nisan da ke cin mai da haske tare.

Ƙasar da matuƙi zai sauka a kanta in inji ya mutu ita ma ba shimfiɗaɗɗiyar gonar inji ba ce. Gonakin Gobir ƙanana ne, masu kunyoyi, kuma jirgin da ya sauka a gicciyen kunya yakan tuntsure, don haka ake so ya bi tsawonta. Fadama da damina laka ce mai riƙe taya. Ga kuma itatuwa a tsakiyar gonaki, musamman gawo, wanda yake zubar da ganyensa da damina saɓanin sauran itatuwa, ta yadda a lokacin da gero yake nuna rassansa kusan tsirara suke, masu launin toka, da wuyar gani da almuru. A ƙetaren iyaka, a jihar Maraɗi, dabarar barin kututture ya sake tsiro a gona, wadda ta bazu tun daga shekarun 1980, ta mayar da itatuwa a miliyoyin hektoci na ƙasar Nijar. Wannan babbar nasara ce ga ƙasa da manomi, amma ta rage filayen da jirgi zai iya sauka a cikinsu.

Matsalar tsaro ta ƙara wani nauyi. Jirgin da ke tafiya ƙasa-ƙasa a hankali yana cikin nisan harsashi, kuma tarihin yaƙi da fara ya san wannan: a ranar 8 ga Disamba 1988 mayaƙan Polisario suka harbo wani jirgin feshi ƙirar DC-7 da hukumar agaji ta Amurka ta yi haya, a sararin Yammacin Sahara, mutum biyar da ke ciki suka mutu, wani jirgi na biyu da ke tare da shi, wanda aka lalata, kuma ya samu sauka a Sidi Ifni ta Maroko. A watan Maris na 2021 gwamnatin tarayya ta haramta shawagin jirage a sararin Zamfara, wadda ƙaramar hukumarta ta Shinkafi take maƙwabtaka da Isa, a watan Yuli na 2021 kuma 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi ƙirar Alpha Jet a jihar, matuƙinsa ya tsira da laima. Aikin feshi yana buƙatar ma'aikatan ƙasa da za su shiga daji su gano makwancin tsuntsu, su auna shi, su sa alama, su kuma tsaya kusa da mota ko da wani abu zai faru, kuma a dazuzzukan Isa da Sabon Birni wannan tafiya ta zama mai hatsari. Tsuntsu yana iya kwana a Nijar ya yi kalaci a Nijeriya, jirgi kuwa ba ya ƙetare iyaka sai da izini, izinin da ya ƙara wuya bayan juyin mulkin Yamai na 26 ga Yuli 2023.

Faɗuwar jirgin feshi ba ta tsaya ga matuƙi ba. Maganin da aka fi amfani da shi a kan jan-baki shi ne fenthion, guba mai ƙarfi da ake fesawa ba tare da an tsarma ta da ruwa ba, wadda take shiga jiki ta fata da numfashi ta hana jijiyoyi aiki, har ƙasar Chadi ta kai ƙorafinta gaban Yarjejeniyar Rotterdam mai kula da cinikin magunguna masu haɗari. Abin da aka tsara a watsa a faɗin hektoci masu yawa, in an zubar da shi a wuri ɗaya, yana iya faɗawa a kan gulbi ko tafkin da dabbobi suke sha. Al'adar mutane ce su ruga don ceto, kuma wanda ya ciro matuƙi daga jirgin da tankinsa ya fashe zai jiƙe da gubar. Alamominta su ne zubar yawu da gumi, ƙanƙancewar ƙwayar ido, amai, rawar jiki da sarƙewar numfashi, kuma suna iya jinkirin bayyana na awanni. Taimakon farko shi ne a tuɓe tufafin da suka jiƙe, a wanke jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti inda ake da allurar atropine, madara da manja da ake ɗura wa mutum kuwa ba sa kashe wannan guba, suna ma iya sa jiki ya ƙara tsotse ta.

Bisa ƙa'idar da ta samo asali daga Yarjejeniyar Chikago ta 1944, ƙasar da jirgi ya faɗi a cikinta ita ke da alhakin bincike, saboda haka jirgin da ya tashi daga Sakkwato ya faɗi 'yan kilomitoci arewa da Sabon Birni yana iya zama aikin hukumomin Yamai, yayin da a wannan gefe aikin na Hukumar Binciken Haɗurra ta Nijeriya ne, wadda aka sake wa fasali a 2022. Ƙananan jirage irin waɗannan galibi ba sa ɗauke da na'urar naɗar bayanai da ake kira baƙin akwati, don haka mai bincike yana dogara ne da ragowar man da ke tanki da matata, da launin fulogi, da yanayin lanƙwasar farfela, wadda take nuna ko tana juyawa da ƙarfin inji lokacin da ta taɓa ƙasa, da kuma na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna layukan feshi. Waɗannan shaidu suna lalacewa cikin sauri: mai yana tsiyayewa ko a kwashe shi a jarka, ruwan sama yana shiga tanki ya ɓata gwajin ruwa, 'yan gwangwan kuma suna kwance ƙarfe kafin ma'aikata su iso daga Abuja. Duron da aka ɗebi man ƙarshe daga cikinsa, wanda yake can filin da jirgin ya tashi, yana cikin abubuwan da ake fara rufewa a hana kowa taɓawa har sai an ɗebi samfurinsa.